Saitin Gaba: Ɗan Ƙarfen Da Ke Nuna Wa Harsashi Hanya

A cikin dukan sassan da aka harhaɗa aka yi ƙaramar bindiga, da wuya a sami wanda ya fi saitin gaba ƙanƙanta, da wuya kuma a sami wanda aka fi rainawa. Shi ne ɗan tsinin nan da ke tsaye a kan hancin bindiga, wanda tsayinsa bai wuce na ƙwayar masara ba. Amma a kansa idon mai harbi ke tsayawa a lokacin da zai ja kunama. In ya karkace, harsashi ya karkace. In ya faɗi, mai bindiga ya koma lalube, ko da kuwa da rana tsaka ne.

A ƙasar Amurka, inda tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa damar mallakar makami, canza saitin gaba ya zama ruwan dare, har akwai kamfanoni da ba su da wata sana'a sai ƙera saiti da kayan ɗaura shi. Kamfanin Brownells na jihar Iowa, alal misali, tun shekarar 1939 yake sayar da kayan aikin masu gyaran bindiga. A Nijeriya kuwa al'amarin ya sha bamban, domin doka ta mayar da wannan aiki hannun hukuma. Duk da haka, ma'aikacin gwamnati da ke sa hannu a takardar sayen kaya, da ɗalibin da ke burin shiga aikin ɗamara ko aikin injiniya, kowannensu na da abin koya a cikinsa. Aiki ne da ake gamawa cikin rabin sa'a idan da gwani da kayan da suka dace, kuma ake ɓata bindiga sukutum cikin minti ɗaya idan babu su.

Yadda Saiti Ke Aiki

Ƙaramar bindiga tana da saiti biyu. Na baya yana kusa da idon mai harbi, an tsaga masa ƙofa a tsakiya. Na gaba kuwa tsini ne guda a bakin bindiga. Mai harbi yana leƙa ta cikin tsagar na baya, ya daidaita tsinin gaba a tsakiyarta, kansu ya zo daidai wa daida, sa'an nan ya ɗora su a kan abin da yake aunawa. Da yake idon ɗan Adam ba ya iya ganin abubuwa uku masu nisa daban-daban tangaran a lokaci guda, malaman harbi suna koyar da cewa a tsayar da ido a kan saitin gaba, a bar na baya da abin aunawa su yi dishi-dishi. Saboda haka ne saitin gaba ya fi na baya muhimmanci ga mai harbi.

Girman haɗarin yana fitowa fili idan aka yi lissafi. Bindigar Glock 17, wadda Gaston Glock ya ƙera wa sojojin Ostiriya a farkon shekarun 1980, tazarar da ke tsakanin saitinta biyu kimanin milimita 165 ce. Idan mai harbi yana nesa da allon gwaji da mita 25, watau milimita 25,000, nisan ya ninka tazarar saitin sau 150 da 'yan kai. Ma'anar wannan ita ce duk kuskuren da ke jikin saiti zai ninku sau 150 kafin harsashi ya isa allo. Saitin da ya goce da milimita 1 kacal zai kautar da harsashi da kimanin santimita 15. Wanda ya goce da rabin milimita, abin da ido ba zai lura da shi ba sai an ƙura, zai kautar da shi da santimita 7 da rabi. A filin gwaji wannan asarar maki ce. A bakin kasuwa ko a tashar mota, inda jama'a ke kai da kawowa, tazarar santimita 15 na iya zama bambanci tsakanin ɗan fashi da ɗan kallo.

Akwai wata ƙa'ida da ke rikita sababbin shiga. Saitin baya ana matsar da shi ne zuwa wajen da ake so harsashi ya koma. Saitin gaba kuwa akasin haka yake. In aka matsar da shi dama, harsashi ya tafi hagu. In aka ƙara masa tsawo, harsashi ya sauka ƙasa, domin mai harbi zai sunkuyar da bakin bindiga kafin kan saitin ya daidaita da na baya. In aka rage masa tsawo, harsashi ya hau sama. Wanda bai riƙe wannan ƙa'ida ba zai ninka kuskuren da ya zo gyarawa.

Me Ke Sa A Canza Shi?

Dalili na farko shi ne lalacewa. Bindigar da ke yini a ƙugu tana gugar kube, tana bugun ƙofar mota da bakin tebur, wani lokaci ta faɗi a kan siminti. Saitin da Glock ke ɗorawa a yawancin bindigoginta tun daga masana'anta na roba ne mai tauri, yana goguwa, yana kuma iya tsinkewa. Wannan ne ya sa masu amfani da ita da yawa ke musanya shi da na ƙarfe. Na ƙarfen ma gumi da damina suna sa shi tsatsa idan ba a kula.

Dalili na biyu shi ne duhu. Akwai saitin dare wanda aka dasa wa 'yar kwalba siririya, cike da iskar tiritiyam, wani nau'in haidurojin mai fitar da tururin nukiliya marar ƙarfi. An shafe cikin kwalbar da sinadarin da ke haskakawa idan tururin ya taɓa shi, saboda haka saitin yana ƙyalli cikin dare ba tare da batir ba. Amma hasken ba ya dawwama. Tiritiyam yana rasa rabin ƙarfinsa a cikin shekara 12 da 'yan watanni, don haka saitin da aka ɗaura a shekarar 2012 ya riga ya dushe ƙwarai a yau. Hukumar da ta sayi irin wannan saiti ta sayi abin da ke da wa'adi, kamar magani a kantin asibiti, kuma ya kamata ta rubuta ranar da aka ɗaura shi.

Dalili na uku shi ne ido. Mutum in ya haura shekara 40, ganin abu na kusa yakan fara yi masa wuya, baƙin tsini ya ɓace masa a kan baƙin allo. Irin waɗannan sukan nemi saiti mai ɗigon fenti mai haske, ko mai ɗan sandan roba ja ko kore da ke tattara hasken rana. Dalili na huɗu shi ne bindigar da ke kai harsashi sama ko ƙasa da inda aka auna, alhali saitinta na baya ba ya hawa ba ya sauka. Maganinta shi ne saitin gaba mai wani tsayi daban.

Sai dai kafin a ɗora wa saiti laifi, wajibi ne a tabbatar laifin nasa ne. Malaman harbi sun daɗe da sanin cewa na-dama wanda harsasansa ke taruwa ƙasa ta hagu, galibi fizgar kunama yake yi. Saboda haka gwanin gyara ba ya taɓa saiti sai an ɗora bindigar a kan matashi, wani ƙwararre dabam ya harba ta, an ga ita ma a hannunsa can take kaiwa.

Kowace Bindiga Da Irin Ɗaurinta

Babban kuskure shi ne a ɗauka duk saitin gaba iri ɗaya ake kafa shi. Kafin a ɗauki kowane kayan aiki, sai an san yadda masana'anta ta kafa wanda ke kai. A fistol, saitin yana zaune ne a kan ƙarfen sama wanda ke zamewa baya ya komo duk lokacin da aka harba, watau murfin bindiga. Wannan murfi yana shan jijjiga mai tsanani, shi ya sa ɗaurin da bai yi ƙarfi ba ba ya daɗewa.

Hanya ta farko ita ce ta noti. Irin ta Glock ke nan a yau. Akwai ɗan rami mai siffar ƙwai a kan murfin, ƙafar saitin ta shiga ciki, sa'an nan a ɗaure ta daga ƙasa da wani ɗan mitsitsin noti mai kai kusurwa shida, wanda faɗin kansa kashi 3 cikin 16 na inci ne, watau ƙasa kaɗan da milimita 5. Tsofaffin samfuran kamfanin ba su da notin. Ƙafar roba ce tsagaggiya da ake cusa wa ɗan tsinke ta buɗe ta kama ramin, kuma in an cire ta ba ta komawa.

Hanya ta biyu ita ce ta kwarmi. Ana yanka kwarmi a gicciye a kan murfin, mai faɗin gindi da ƙuntataccen baki, irin haɗin da kafintoci ke yi wa kusurwar akwati. Gindin saitin yana shiga ta gefe, matsi kaɗai ke riƙe shi. Haka bindigogin SIG Sauer suke, haka kuma samfuran baya na Browning Hi-Power, bindigar da masana'antar FN ta Beljiyam ta fito da ita a shekarar 1935. Amfanin wannan hanya shi ne ana iya matsar da saitin dama ko hagu. Wahalarta kuwa ita ce matsin yakan yi tsanani har ya gagari hannu.

Hanya ta uku ita ce ta dakan ƙafa. Bindigar da John Browning ya tsara, wadda sojojin Amurka suka karɓa a shekarar 1911 suka riƙe har 1985, saitinta na asali yana da 'yar ƙafa da ke ratsa murfi, sai a daki ƙarshen ƙafar daga ciki ta baje kamar kan ƙusa. Ƙafar iri biyu ce, siririya da mai faɗi, kuma wanda ya sayo wadda ba ta dace da ramin ba ya yi asarar kuɗinsa. Cire irin wannan saiti yana nufin lalata shi.

Hanya ta huɗu ita ce ta tsinke. A libarba da yawa na kamfanin Smith & Wesson, saitin yana zaune cikin tsaga a kan bututu, an soke shi da ɗan tsinken ƙarfe a gicciye. Sabon saitin yakan zo ba rami, sai mai gyara ya huda shi da kansa daidai da ramin da ke jikin bututun.

Akwai kuma bindigogin da saitinsu na gaba ba ya fita sam. Beretta 92F ta Italiya, wadda Amurka ta ɗauka da sunan M9 a shekarar 1985, an sassaƙa saitinta ne tare da murfin daga ƙarfe guda. Wanda ya sa guduma yana neman fitar da shi zai fasa murfi ne kawai. Canza shi sai da injin yankan ƙarfe, kuma a samfuran baya ne kamfanin ya koma yin kwarmi.

Zaɓen Kayan Aiki

Hausawa na cewa garin neman gira a rasa ido. Saitin gaba abu ne mai araha idan aka kwatanta shi da murfin da yake zaune a kai. Ma'aunin zaɓen kowane kayan aiki, saboda haka, shi ne wanda in wani abu zai lalace, saitin ne zai lalace, murfi ya tsira.

Na farko shi ne matsen tebur, wanda makanikai ke kira bayis. Ba a aiki a kan murfi yana rawa a hannu ko a cinya. Amma haƙoran matsen ƙarfe ne, suna cizo, don haka sai an yi musu shimfiɗa da fata, ko katako, ko roba mai kauri. Ba a kuma matse murfin da ƙarfi fiye da kima, domin cikinsa rami ne, in gefunansa suka lotsa ba zai ƙara zamewa daidai a kan gangar jikin bindigar ba.

Na biyu shi ne mabuɗin noti, ga masu saitin noti. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Sufanar kanti mai girman da ya dace takan kasa shiga, domin wurin ƙuntatacce ne, notin yana dab da bangon gaba na murfin. Ko ta shiga, kan notin siriri ne ƙwarai, bakin sufanar kuwa a fiƙe yake ta ciki, sai ta riƙa zamewa tana cinye kusurwoyin. Abin da ake bukata shi ne mabuɗi na musamman mai siririn bango da baki a shafe, zai fi kyau in yana da maganaɗisu da zai riƙe notin. Filaya ba ta da wurin zama a wannan aiki. Mariƙin mabuɗin ma ƙarami ya fi, domin babban mariƙi yana ba hannu ƙarfin da notin ba zai iya ɗauka ba.

Na uku shi ne gam ɗin noti. Jijjigar harbi tana kwance noti sannu a hankali, sai wata rana a zaro bindiga a tarar ba saiti. Kamfanin Loctite yana yin irin wannan gam kala-kala. Shuɗin yana riƙewa amma yana kwantuwa da mabuɗi. Jan kuwa ba ya sakin noti sai an gasa shi da zafi mai tsanani, kuma zafi yana lalata kwalbar tiritiyam da saitin roba. Takardar da ta zo da saitin ita ke faɗin wanda za a sa. Ɗigo ɗaya ya isa, kuma gam ba ya kama ƙarfe mai maiƙo, sai an wanke notin da ramin da sinadarin cire mai, sun bushe. Yana bukatar kimanin sa'a 24 kafin ya gama ƙarfi.

Na huɗu shi ne matura saiti, ga masu kwarmi. Wata 'yar na'ura ce da ke rungume murfin, tana da dogon noti wanda in ana juya shi yake tura saitin a hankali ta gefe. Iri biyu ce. Akwai wadda aka ƙera domin samfurin bindiga guda, tana kama murfin ta hanyar da yake zamewa a kai, ba ta gocewa. Akwai kuma ta gama-gari mai shiga bindigogi da yawa, wadda sai an yi haƙurin daidaita ta. Rundunar da bindigoginta iri ɗaya ne, ta farkon ta fi mata. Kowace aka ɗauka, a gindin saitin ake tura ta. In aka tura a tsinin sama, sai ya lanƙwashe ko ya karye, gindin na nan daram.

Na biyar shi ne sandar bugu da 'yar guduma. Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma har yanzu gwanaye na amfani da ita. Sharaɗin shi ne sandar ta kasance ta tagulla, ko alminiyam, ko roba mai tauri, watau abin da ya fi ƙarfen bindiga taushi. Tagulla takan bar ɗan jan tabo wanda ke gogewa. Sandar baƙin ƙarfe, ko ƙusa, ko bakin sukudireba, suna barin rauni na har abada. Saitin dare kuwa an fi so a tura shi da na'ura, domin bugu na iya fasa kwalbar, hasken ya mutu nan take.

Na shida shi ne magagari mai laushin haƙora da dutsen wasawa. Sabon saiti yakan zo da gindi ya ɗan fi kwarmin girma, da gangan, domin a rage shi ya zauna daidai. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce saitin ake gogewa, ba murfin ba. Ana goga kaɗan, a gwada, a sake gogawa, har ya shiga da hannu kimanin sulusi ko rabin hanya, sa'an nan na'ura ta ƙarasa. Abin da aka goge ba ya dawowa. Wasu kwarmin kuma bakinsu ɗaya ya fi ɗaya faɗi, saboda haka akwai gefen shiga da gefen fita, littafin masana'anta ne ke faɗa.

Na bakwai shi ne ma'aunin kauri mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Da shi ake auna tsayin tsohon saiti kafin a yi odar sabo, da shi kuma ake tabbatar sabon ya zauna a tsakiya, ta hanyar auna tazarar da ta rage dama da hagu. Ido kaɗai ba ya wadatarwa a aikin da rabin milimita ke da nauyi irin wanda aka gani a baya. Bindiga mai dakakkiyar ƙafa kuma tana da nata madaki na musamman, mai lanƙwasa da ke shiga cikin murfi, da matashin da ke tallafe saitin kada ya baje yayin da ake duka.

Kafin Aiki Da Bayansa

Matakin farko ba shi da alaƙa da saiti. Ana cire gidan harsasai, a ja murfi baya, a duba gindin bututu da ido, a taɓa da yatsa, a tabbatar babu harsashi. Sa'an nan a fitar da harsasai daga ɗakin gaba ɗaya. Wannan ya fi zama dole a kan Glock, domin ba a iya raba murfinta da gangar jiki sai an ja kunama. Mutumin da ya cire gidan harsasai ya manta da guda ɗaya da ke kwance a bututu, zai harba shi ne a cikin ɗakin aiki. Bayan an raba, a cire bututu da sifirin, murfin kaɗai ke zuwa kan tebur.

Idan sabon saiti ya hau, aiki bai ƙare ba. A saitin noti, ƙafar takan ɗan yi wasa cikin raminta, don haka sai an miƙe tsinin ya fuskanci gaba sosai kafin a ƙarasa ɗaurewa. Bayan gam ya bushe, a mayar da bindiga yadda take, a gwada motsinta ba harsashi, sa'an nan a kai ta filin gwaji. A can za a ɗora ta a kan matashi, a harba harsashi 5 ko fiye a nisan da aka sani, da irin harsashin da za a yi aiki da shi, domin nauyin harsashi yana canza inda yake sauka. Tsakiyar tarin ramukan ake dubawa, ba rami ɗaya ba.

In an sami kuskure, lissafinsa mai sauƙi ne. A ninka girman kuskuren da tazarar saiti biyu, a raba da nisan allo, duka a ma'auni guda. Alal misali, bindiga mai tazarar milimita 165 ta kai harsashi santimita 10 sama da inda aka auna a mita 25. Milimita 100 sau 165, a raba da 25,000, ya ba da milimita 0.66. Ke nan ana bukatar saitin gaba da ya fi na yanzu tsawo da kimanin kashi biyu cikin uku na milimita. Wanda ya san wannan lissafi odar saiti ɗaya zai yi. Wanda bai sani ba sai ya yi ta saye yana gwadawa, da kuɗin hukuma da harsasanta.

Abin Da Doka Ta Ce A Nijeriya

Dokar Makamai ta shekarar 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Fistol da libarba suna cikin rukunin farko, na makaman da aka haramta, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasin daga Shugaban Ƙasa. Rukuni na biyu, irin bindigogin farauta na zamani, lasinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku, bindigogin da ake ɗurawa ta baki irin na maharban gargajiya, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izninsu. Dokar ta kuma hana ƙera bindiga, ko harhaɗa ta, ko gyara ta, sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko ta sojoji, in ban da wanda aka ba izni na musamman a kan rukuni na biyu da na uku. Ke nan maƙerin unguwa ko makanikin bakin titi ba shi da hurumin taɓa saitin fistol, kome gwanintarsa. Jami'in da aka ba bindigar aiki shi ma ba tasa ba ce, kayan gwamnati ne. In saitinta ya motsa ko ya karye, abin da ke kansa shi ne ya kai rahoto, ya mayar da ita ga mai kula da makamai.

Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a birnin Havana a shekarar 1990, game da amfani da ƙarfi da bindiga ga jami'an tsaro, sun bukaci kowace ƙasa ta tsara yadda ake ajiye makamai da yadda ake ba da su, ta yadda kowane jami'i zai ba da bayanin bindiga da harsasan da aka damƙa masa. Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya ma ta sabunta umurninta mai lamba 237 a kan wannan batu a shekarar 2019. Amma ba a yi wa jami'i adalci ba idan aka tuhume shi a kan inda harsashinsa ya sauka, alhali an ba shi bindigar da ba wanda ya gwada saitinta tun ranar da aka sauke ta daga akwati.

Ƙasar nan tana da tushen da za ta gina a kai. Tun shekarar 1964 aka kafa Masana'antar Ƙera Makamai ta DICON a Kaduna, an kuma yi mata sabuwar doka a shekarar 2023. Abin da ya rage shi ne a kula da ƙananan abubuwa a lokacin tsara kasafi. Duk kwangilar sayen ƙananan bindigogi ya kamata ta haɗa da saitin canji masu tsayi daban-daban, da mabuɗan noti da matura saiti na wannan samfurin, da littafin masana'anta, da horar da masu gyara. Kowace bindiga kuma ta sami katinta, a rubuta ranar da aka canza mata saiti, da sunan wanda ya canza, da sakamakon gwajin da aka yi mata. Kuɗin waɗannan duka bai taka kara ya karya ba idan aka auna shi da kuɗin bindigogin kansu, balle a auna shi da diyyar ran da harsashi ya ɗauka bisa kuskure.